Malam Birki a Ɗakin Wasa

Duk wanda ya koyi tuƙi a unguwar nan, da wuya a ce bai bi ta hannun Malam Birki ba. Ɗalibai ne suka raɗa masa sunan, ya kuma bi shi har ya danne nasa na gaskiya. Kalmar ce ba ta barin bakinsa. Kare ya gilma can nesa, "Birki!" Mai keke ya waiwayo, "Birki!" Wata mata da ya koya wa ta rantse cewa har a mafarki ta ji muryarsa, ta kai wa mijinta shuri.

Motarsa ƙarama ce, fara, ta kwana biyu a duniya. A gefen da yake zama an ƙera masa birki na biyu. Ƙafarsa ta dama ba ta sauka ta huta, kullum a ɗage take kaɗan a kan birkin nan, tana jira. Robar da ke kai ta cinye har ƙarfe ya fito.

Da yaron mota ya fara, yana wanke taya yana ɗaure kaya, har ya zama direban bas na dogon zango. Wata rana ya iso wata kwana ya tarar da hatsari, wani sabon direba ya kifar da mota cike da mutane. Yana cikin waɗanda suka yi ta ciro su. Bai taɓa ba kowa labarin abin da ya gani ba, ko matarsa. Bai daɗe ba bayan nan ya ajiye aikin bas, ya ce gara ya zauna kusa da mai koyo ya tare kuskure tun bai zama kuskure ba. Abin da yake tutiya da shi ke nan: tun da ya fara koyarwa, motarsa ko katanga ba ta taɓa goga ba.

Ya yi aure a makare. Tela ya aura, mace mai haƙuri da bakin zolaya, wadda ita kaɗai ke iya ce masa, "Malam, nan gida ne, sauke ƙafar." Sun daɗe ba su samu haihuwa ba. Sai da furfura ta fara leƙowa a gemunsa Allah ya ba su 'ya mace. Suka riƙa kiran ta Kurciya, saboda wani ɗan guɗa da take yi a maƙogwaro in tana jin daɗi.

Sa'o'inta suka fara surutu, ita shiru. A kira ta ba ta waiwayo, amma in an buɗe ledar burodi a ɗaki na gaba, sai ga ta. Da kan yatsu take tafiya. In maƙwabta suka tayar da injin wuta, sai ta toshe kunne ta durƙushe. Da suka kai ta asibitin yara, likita ya daɗe yana kallon ta tana wasa, sannan ya ce abin nan ne da ake kira galahanga. Ya ce ba cuta ba ce da za a sha magani ta tafi, haka ƙwaƙwalwarta take, tana jin duniya ta wata hanya daban, kuma akwai taimakon da za a iya yi mata. Malam Birki ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambaya, "To me ya lalace, a gyara?" Likita ya ce ba abin da ya lalace. Malam bai gamsu ba.

Kurciya ta kai shekara biyar, duniyarta duka uwarta ce. Ba ta cin abinci sai daga hannunta, kuma ba komai take ci ba, farar shinkafa ce ko burodi. Ba ta barci sai ta riƙe gefen rigarta. Abin da take so bayan uwar shi ne motocin wasa.

Wannan ya faranta wa Malam rai ƙwarai. Ya ce jini ba ya ɓuya, ya yi ta sayo mata su, ja da kore da ruwan ɗorawa. Sai dai yarinyar ba ta tura su. Kife mota take yi, ta kwanta ta ɗora kunci a ƙasa, ta murza taya da yatsa ɗaya, ta zuba mata ido har ta tsaya, ta sake murzawa. Malam ba ya iya kallon mota a kife. Yana shigowa zai durƙusa ya mayar da ita kan ƙafafunta.

"A'a, 'yar Baba, ba haka ake yi ba. Mota ba ta tafiya a kife. Ga shi, vuuum! Ce mota. Mo-ta. Wannan wace kala ce?"

Sai ta fasa ƙara, ta riƙa bugun cinyarta da hannu. Shi kuma ya sake gwadawa gobe, don bai taɓa sallamar ɗalibi saboda ya kasa a ranar farko ba. A hankali ta kai ga da ta ji ƙarar makullansa a bakin ƙofa, sai ta tattara motocinta a riga ta shige bayan keken ɗinki. Yana gani, yana jin abin a ransa, bai faɗa wa kowa ba.

Ana cikin haka matar ta samu wani cikin. Murna ba ta daɗe ba jininta ya fara hawa, ƙafafu suka kumbura. Likita ya ce makonnin ƙarshe a gadon asibiti za ta yi su, babu ja.

Malam yana da yaya mace a wani gari, wadda ta riƙe shi bayan rasuwar iyayensu, har yanzu kuma Auta take kiran sa duk da furfurarsa. Da ta ji labari ta bugo waya.

"Auta, ka kawo mini yarinyar nan. Gidana cike yake da jikoki, in ta ga yara za ta ware. Kun sangarta ta ne kawai. In ta ƙi ci, ai mun san yadda ake ɗura."

Yaya ba muguwa ba ce, abin da ta sani ta faɗa. Amma sun taɓa kai Kurciya gidan. Hayaniyar yara da talabijin da baƙin fuskoki suka sa ta ƙi ci ta ƙi sha, sai da aka yi mata ƙarin ruwa.

Matar ta ajiye almakashi ta ce, "In aka kai ta can, Malam, gara a bar ni a gida kome zai faru ya faru."

"Ba inda za a kai ta. Ni zan riƙe ta."

"Kai?" Ba da raini ta faɗa ba. "Kai da take gudu?"

Ya zauna yana juya makullai a hannu, sai da ya tuna da wadda ke bayan keke, ya dunƙule su don kada su yi ƙara.

A bayan asibitin yaran akwai wani ɗaki da ake ce wa ɗakin wasa. Matar ta jima tana kai Kurciya duk mako. Malam yakan sauke su a bakin ƙofa ya wuce, yana cewa makarantar da babu allo babu alli ai ɓata lokaci ce. A makon nan ya ajiye mota ya bi su ciki.

An shimfiɗe ɗakin da tabarmin roba masu laushi. Akwai lilo da aka rataye a rufi, da faffaɗan tire cike da yashi, da bahon ruwa da kofuna a ciki. Kantocin duk gajeru ne, iya tsawon yaro. Kujerar babba ko ɗaya babu. Mai kula da ɗakin wata matashiya ce mai sanyin murya, wadda ta yi karatun aikin, iyaye na kiran ta Malamar Wasa.

"Sannu da zuwa, Baba. Takalmi a nan. Makullai ma, in ba damuwa."

"Ina zan zauna?"

"Inda take."

Ya duba. Kurciya na kwance a ƙasa, ta riga ta kife wata motar katako.

Malama ta ce dokokin ɗakin ba su da yawa. Ba a tambayar yaro, ba a koya masa, ba a gyara masa. Abin da yake yi shi ake yi, a gefensa, sai ya nemi mutum.

"To yaushe ake karatun?"

"Shi ne karatun, Baba. Sai ta yarda da kai a wasanta, sannan za ta karɓi wani abu daga gare ka."

Ya zauna a takure, gwiwoyi na ƙara. Can Kurciya ta tashi ta nufi bahon ruwa, ta cika kofi taf, ta ɗaga shi a karkace a kan tabarma. Kafin ɗigo ya sauka, hannun Malam ya riga ya kama nata. Shi kansa bai san lokacin da ya miƙa ba. Yarinyar ta ƙwalla ƙara, ta saki kofin, ta ruga ta cusa kai a jikin uwarta. Wasan ranar ya ƙare ke nan.

Da uwar ta fita da ita, Malama ta ɗauko tsumma tana goge ruwan.

"Me ya sa ka riƙe ta?"

"Zubarwa za ta yi."

"Ƙwarai kuwa. Zubarwar take so ta gani."

"Malama, ni a aikina, in na jira sai ɗalibi ya yi kuskure, wani ba zai koma gidansa ba."

Ta dakata da gugar, ta dube shi. "Na yarda. A titi kana da gaskiya. Amma duba ɗakin nan da kyau. Mun kwashe duk abin da zai ji mata ciwo, don ta samu wuri guda da babu mai tare ta. Duk inda ta je hannu ne ke fizgo ta, bari, sauko, ajiye. In ka zama hannu na gaba, me zai sa ta zo wurinka?" Ta miƙa masa tsumman. "Ruwa ne kawai. Ga maganinsa."

Ya karɓa, ya ƙarasa gogewa.

Mako na gaba ya zauna a kan tafukansa, a zahiri, don kada su yi masa shisshigi. Malama ta yi murmushi. Ta turo masa wata mota, ta nuna ƙasa da haɓa. Malam Birki, wanda manyan mutane ke rawar jiki in ya yi gyaran murya, ya kwanta a kan tabarmar yara ya ɗora kunci a ƙasa. Ya daɗe yana riƙe da motar kafin ya iya kife ta. Da ya kife, sai hatsarin kwanar nan ya faɗo masa a rai, ya rufe ido har ya wuce. Sannan ya murza tayar.

Daga nan ƙasa abin daban yake. Hasken taga yana ratsa ramukan tayar yana walƙiya, da sauri, da sauri, sannan a hankali, har ramukan su fito ɗaya bayan ɗaya. Akwai kuma wata 'yar ƙara siririya da ba a ji sai kunne na manne da ƙasa. Shekarunsa duka yana cikin motoci, bai taɓa kallon taya haka ba.

Kurciya ba ta kula shi ba. Amma ba ta tashi ba.

Haka suka yi ta yi, a ɗakin wasa da kuma a gida. Yakan bar makullai a mota, ya shigo a hankali, ya kwanta nesa da ita kaɗan da tasa motar. Matar tana kan keke tana kallon su ta gefen ido. Wata rana ta ce, "Ikon Allah. Na auri direba, ga shi na samu bakanike." Wani maƙwabci ya leƙo neman aron guduma, ya gan shi a miƙe a ƙasa, ya fita da sauri yana tambaya ko a kira likita.

Makonni suka shuɗe ba abin da ya canza, sai dai ta daina shiga bayan keke. Cikin matar na ƙara girma, Yaya na ƙara bugo waya. Wani lokaci yakan ce a ransa, ashe ga yadda mutum ke zama abin dariya a banza.

Sai wata rana a ɗakin wasa, tayarta ta tsaya tasa na juyawa. Ta ɗago kai kaɗan. Ta miƙo yatsa ɗaya ta ɗora a kan tayarsa, ta tsayar da ita cak.

Malam ya dubi yatsan. Ya sake murzawa. Ta sake tsayarwa. Ya murza, ta tsayar, sai ga guɗar nan tata ta fito daga maƙogwaro. Malama ta yi masa alama da hannu, jira. Ya ɗage yatsa a kan tayar bai taɓa ba. Kurciya ta dubi tayar, ta dubi yatsan, sannan idonta ya hau har fuskarsa, ya tsaya ɗan ƙiftawa.

"Yauwa! 'Yar Baba!" Ya tashi zaune ya tafa, ya kai hannu zai rungumo ta.

Muryar da aka saba ɗagawa a kan ƙarar inji ce, ta cika ɗakin. Yarinyar ta toshe kunne, ta rarrafa ta shige ƙarƙashin tiren yashi. Ranar har suka isa gida ba ta bari ya matso kusa ba, washegari ma haka.

"Na ɓata komai," ya ce wa Malama.

"Ba ka ɓata ba, ka dai tsorata ta. Ta san yanzu akwai wasa a wurinka, za ta dawo nema. In ta dawo, ka yi murnarka a ciki."

"Lokaci fa, Malama."

"Na sani. Ba zan yi maka alkawarin abin da ba a hannuna yake ba."

Lokacin ma bai kai inda aka sa ba. Wata safiya matar ta tashi da ciwon kai, idonta na ganin dishi-dishi. A asibiti suka ce ba za ta koma gida ba. Ta cire ɗankwalinta ta ba shi, ta ce ya ba yarinyar ta riƙe. Tana son ta yi masa bayanin abubuwa da yawa, ma'aikaciyar jinya ta tura ta a keken marasa lafiya.

Da suka koma gida Kurciya ta bi ɗakuna ɗaya bayan ɗaya. Ta duba kicin, ta duba banɗaki, ta tsaya gaban keken ɗinki ta daɗe. Sannan ta fara wani kuka mara ƙara wanda bai taɓa ji ba. Ya dafa shinkafa, ta caɓe. Ya bi ta da cokali daga ɗaki zuwa ɗaki, tana kau da kai. Ranar ruwa kaɗai ta kurɓa, shi ma sai da ya ajiye kofin ya fita.

Washegari da hantsi Yaya ta iso, da jaka babu komai a ciki, don ta zuba kayan yarinya.

"Dube ta, leɓe duk ya bushe. Dubi kai ma. Auta, wannan ba aikin namiji ba ne. Haɗa mini kayanta."

"Yaya, ki ba ni zuwa yamma."

"In ba ta ci ba fa?"

Ya sunkuyar da kai. "In ba ta ci ba, asibiti zan kai ta. Amma ba za a danne ta a yi mata ɗura ba, Yaya. Ki yi haƙuri."

Tun da ta rene shi bai taɓa musa mata ba. Ta dube shi sama da ƙasa, ta ja kujera ta zauna a bakin ƙofa, jakar a kan cinya.

Ya fita tsakar gida ya kira Malama a waya. Ta tambaye shi ko yarinyar na shan ruwa, ta faɗa masa alamun da in ya gani kada ya jira kowa, ya wuce asibiti. Sannan ta ce, "Ka daina bin ta da cokali. Ka ajiye abincin inda za ta gani, ka yi harkarka kusa da ita. Kai ma ka ci. Na san ba ka ci ba."

Kurciya na kwance a gefen keke, ɗankwalin a dunƙule a hannunta, motocin a warwatse ba ta taɓa ko ɗaya ba. Ya yanko burodi a faranti biyu. Ya ajiye ɗaya kusa da ita, ɗaya a gabansa. Ya kwanta, ya jawo jar mota ya kife, ya murza.

Rana ta yi ta tafiya. Hasken taga ya bar bango ya sauko ƙasa. Yaya ta yi tsaki, ta yi hamma, ta ce ita dai ba ta taɓa ganin irin wannan ba. Shi dai murzawa yake yi, tayar ta tsaya da kanta, ya sake. Wuyansa ya ƙage. Jefi-jefi yakan gutsuri burodi ya tauna a kwance, ba ya ko jin ɗanɗanonsa.

Bai ga lokacin da ta matso ba. Yatsan kawai ya gani ya sauka a kan tayar.

Ya murza, ta tsayar. Ya murza, ta tsayar. Babu guɗa, amma tana nan. Can ta bar tayar ta zuba wa bakinsa ido yana tauna. Farantinta ba ta ko kalle shi ba. Cikin nasa ta sa hannu, ta ɗauki gutsuren da ya ciza ya ajiye. Ta shinshina, ta juya shi, ta taɓa shi da harshe. Sannan ta tura a baki.

"Alham..." Yaya ta fara daga bakin ƙofa.

Ya ɗaga mata tafin hannu bai waiwaya ba. Ta haɗiye sauran.

Ya gutsuri wani yankan ya ajiye. Ta ɗauka. Hawaye ya gangaro masa ta kan karan hanci ya ɗiga a ƙasa, bai share ba don kada ya motsa. Sai da suka cinye farantin tare, ciza ɗaya nasa, saura nata. Da ta gama ta juya masa baya, ta jawo motar gabanta, ta miƙe ƙafa ta ɗora a kan damtsensa kamar wani matashi da ta tsinta a wurin.

Daga baya Yaya ta tashi da ƙyar, tana dafa gwiwa, ta ninke jakar ta tura ƙarƙashin kujera. Da ta zo yin magana, murya ƙasa-ƙasa ta yi, abin da bai san ta iya ba.

"Shinkafar nan da ka dafa ko kaji ba za su ci ba. Ni zan riƙa dafa muku, in kai wa matarka nata. Ina za a shimfiɗa mini?"

Ya nuna mata ɗakin da ido. Hannunsa ya riga ya mutu, kamar ana tsira masa allurai tun daga kafaɗa har yatsu. Ya bar shi a inda yake.